Tagar Ɗakin Inna

Daren Laraba, Yelwa

Yau an sa tagar, alhamdu lillahi.

Tun da ruwan dam ya tashe mu munka dawo gidajen gwamnati, Inna ba ta yi barcin kirki ba. Ɗan ramin da magina sunka bari a bango ko kan mutum ba ya shiga. Shekaranjiya ta ce in dai haka za ta zauna kamar hatsi a rumbu, gara ta koma Shanga wurin ƙanenta. Maganar ta tsaya mini a rai.

Mamman kafinta ya so in sayi ta gilashi, irin ta gidan Joji. "Malam, kai fa malamin makaranta ne, a gani a san gidanka ne." Na yi sha'awarta, ba ƙarya. Amma fam huɗu ce, kuma wa zai gyara in ta fashe? Na zaɓi katakon maɗaci, mai ƙyaure biyu, da koren fenti. Na kuma nace a sauko da ita ƙasa, daidai idon wanda ke zaune kan tabarma. Ya yi ta gardama, ni kuwa na ƙi.

Da la'asar Inna ta buɗe ta da hannunta. Iskar tafki ta shigo har ta ɗaga mata gyale. Ta zauna kan tabarmarta tana kallon waje.

Ina alwala na ji ta tana kiran maƙwabciyarmu ta kan katanga: "Ke Hajo, zo ki ga abin da yaron nan ya yi mini."