Kusurwar da Ba Tawul

Litinin, 3 ga Maris
An sa rana, 22 ga wata. Da Bahago zan kare kambuna, yaron da yake rarrafe lokacin da na fara sa safar dambe. Tsoho, kocina, ya ce hannunsa da zafi. Na ce kowa ma hannunsa da zafi kafin ya haɗu da ni. Muka yi dariya. Ban yi masa zancen idon ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Idon dama. Tun damben bara wani baƙin abu ke yawo a gefensa, yanzu ya koma kamar an ja rabin labule. Yau matata ta miƙo mini ruwa ta dama, ta daɗe riƙe da kofin ban gani ba. Ta ce, "Baban yara, fushi ake da ni?" Na ce tunani nake yi. Abin haushin, da hagu Bahago yake duka, wato ta wannan gefen zai riƙa shigo mini.

Asabar, 8 ga Maris
'Yan jarida sun zo wurin atisaye. Tambayarsu ɗaya ce kullum, wai me ya sa ba a ganin tawul a kusurwata. Na sake ba su labarin, har ya gundure ni.
Ina ɗan shekara sha bakwai, lokacin muna dambe don lambar yabo kawai, da hular kariya a ka. Wasan ƙarshe, ni ke kan gaba, sai hancina ya fashe. Kocina na lokacin ya tsorata da jini ya jefa tawul, alamar mun sallama. Na zauna bayan ɗakin canza kaya ina kuka kamar mahaukaci. Nan Tsoho ya same ni. Ya ce, "Tashi, ɗana. Ka zo wurina, ni ko tawul ba zan kawo kusurwarka ba." Kuma bai taɓa kawowa ba, har na cire hula na shiga damben ƙwararru, har na ci kambu. Da soso da bokiti yake goge ni. Alƙalan wasa sun sani, 'yan kallo sun sani, har waƙa suke yi da shi.
A da ina jin daɗin labarin nan. Yau ina faɗa bakina na ɗaci.

Talata, 11 ga Maris
Awon likita. Ya ce in rufe idon hagu da tafin hannu in karanta. Na leƙa ta tsakanin yatsu. Yana sauri, mutane sun yi masa layi. Ya ce lafiyata ƙalau.

Juma'a, 14 ga Maris
Tsoho ya gane. Muna atisaye ya kawo mini hannu ta dama, a hankali ma, ya sauka a kunnena. Ya sake, ya sake samu. Sai ya sauke hannu ya tsaya yana kallona. Da muka fito za mu tsallaka titi, sai na ji ya zagayo ya tsaya ta damana, ya kama mini gwiwar hannu. Ni, zakara, ana tsallakar da ni titi!
Ya ce mu ɗage damben. Na ce, "Baba, in aka ɗage za a tambayi dalili, in aka ji dalili an gama da ni." Ya ce ido fa ba ya tsirowa. Na tuna masa alkawarinsa. Na san mugunta na yi, amma na tuna masa. Ya saki hannuna, muka rabu.

Laraba, 19 ga Maris
Tsoro nake ji. To, na rubuta.

Asabar, 22 ga Maris
Na duba jakar Tsoho kafin mu fita, yana wanka. Soso, bandeji, almakashi, robar baki. Ba tawul. Madalla.

Talata, 25 ga Maris
Asibiti. Sai yau na iya riƙe biro.
Turmin farko da na biyu nawa ne. A na uku yaron ya gano. Ba shi da wauta, ya koma yana zagayowa ta dama, ni kuwa sai dai in ji saukar hannu. Abin da ya faru a turmi na shida matata ce ta gaya mini, don ni ban gani ba. Ina jingine da igiya, Bahago yana ta narkata. Tsoho ya lalubi kafaɗarsa, ya lalubi bokiti, ba abin jefawa. Ya tuɓe rigarsa ya wurga cikin dandamali. Alƙalin wasa ya dubi rigar, ya sa ƙafa ya ture ta waje. Ya ɗauka wani ɗan kallo ne ya jefo, tunda kowa ya san wannan kusurwar ba ta sallamawa. Aka ci gaba. Tsoho na ihu, hayaniya ta danne muryarsa. Sai da ya kutsa ta tsakanin igiya da kansa, tsoho ba riga, haƙarƙari a waje, ya rungume ni ta gaba, sannan aka tsayar.
Ta ce tsakanin faɗuwar rigar da shigarsa ne hannun da ya gama da idon ya sauka.

Laraba, 26 ga Maris
Tsoho ya zo. Na juya fuska bango. Na ce wa matata ta gaya masa ya ci amanata a gaban duniya. Yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji da kunnensa. Ya ce, "Allah ya ba da lafiya, ɗana," ya tafi.

Alhamis, 3 ga Afrilu
An cire bandeji. Likitan ido ya ce na daman ya tafi, in lallaɓa na hagun. Ya ce da an zo da wuri... Ban bar shi ya ƙarasa ba.
An zo an ɗauki kambun. Ƙusar da nake rataye shi tana nan a bangon falo, ba wanda ya cire.

Talata, 8 ga Afrilu
Ina zuba shayi a gefen kofi. Ina bugun ƙofa da kafaɗa. Matata ta daina miƙo mini abu ta dama. Ta ce Tsoho ya rame, kuma ya ɗauki wani sabon ɗan dambe da zai yi wasansa na farko ƙarshen wata. Ina ruwana.

Litinin, 14 ga Afrilu
Na je wurin atisaye kwaso takalmana, shi ke nan abin da ya kai ni. Tsoho na can ciki da sabon ɗan dambensa, ya ba ni baya. Ban gaishe shi ba. Jakarsa na kan benci a buɗe, soso da bandeji da almakashi, ba tawul, yadda take kullum. Ba haka na bar ta ba.
Da na dawo matata ta tambaye ni ina farin tawul ɗin banɗaki, sabon, ta neme shi ta rasa. Na ce ta sayi wani.