Na Yabi Fim Kan Abin da Ban Gani Ba

Anti Rugaya,

Don Allah ki taimake ni, ki kuma yi haƙuri da rubutuna. Shekara da shekaru ina karanta filin nan naki ina taɓe baki, ina cewa me zai sa babba ya kai kukansa jarida. To yau ga ni. Na sauya sunan kowa, nawa kuwa ba zan sa ba.

Na haura sittin, mijina Sedick ya rasu. Yankan yadi na yi a masana'antar ɗinki a unguwar Salt River, nan Cape Town, har na ajiye aiki. 'Yata ɗaya ce, Nazli, tana aiki a filin jirgi, tun asuba take fita, mijinta kuma ma'aikacin jirgin ruwa ne, sai ya yi watanni ba a ga ƙeyarsa ba. Don haka ni ke kai jikata Ilhaam makaranta kowace safiya a tsohuwar motar marigayi, ta babban titin nan da ke bin gindin dutse, inda kowa ke gudu kamar an biyo shi. Ki riƙe wannan a ranki, saboda shi nake rubuto miki.

Bayan rasuwar Sedick gida ya yi min faɗi. Wata Lahadi ruwan sama ya kora ni cikin ƙaramin gidan siniman unguwarmu, mai ɗaki ɗaya da jajayen kujeru da suka ga jiya suka ga yau. Ba sa nuna finafinan harbe-harbe. Sai na ƙasashen da ko a taswira sai ka laluba, ana yaren da ba ka ji, kana bin fassara a ƙasan allo. Mace za ta zauna tana feraye dankali, ba kiɗa ba magana, kai kuma ka zuba mata ido. Ranar farko na kusa tashi in fita. Yanzu kuwa Lahadi ba ta cika mini sai na ci koesister ɗina, fanken garinmu mai zaƙi, da safe, na yi azahar, na taka zuwa can. Kujerata sananniya ce, gefen Mista Fortuin, wani tsohon mai gyaran piyano da ke kirana Furofesa don tsokana.

Gidan yana da ɗabi'u biyu. In fim na tafiya ba a taɓa mutum, ba a yi masa magana, ko kuka yake ko minshari. In kuma an kunna fitila, Thandeka mai gidan ta kawo shayi a zauna a tattauna, kuma ba a taɓa ce wa kowa ya yi kuskure. Duk abin da ka faɗa sai a gyaɗa kai a ce wannan ma wata fahimta ce. Ni da na bar makaranta da wuri, a nan na fara buɗe baki gaban malaman jami'a suna saurarona, kuma ba zan ɓoye miki ba, abin ya hau mini kai. Abin da na yi suna a kansa shi ne giɓi. Irin finafinan nan suna da tsallake, sai a bar abu ba a nuna ba, ni kuwa na fi kowa ganin wuraren da aka tsallake. Har nakan yi musu burga in ce ni mai almakashi ce, na san darajar yanka.

Watan jiya aka kawo wani fim daga wata ƙasa mai dusar ƙanƙara, labarin wata mai kiwon zuma da ɗanta. Ina kallo tana zuba masa miya a kwano, sai kawai na gan ta cikin baƙaƙen kaya tana lulluɓe amya da bargo, yaro babu shi. Da aka zo tattaunawa ni na fara miƙewa. Na ce ban taɓa ganin mai shirya fim mai ƙarfin hali irin wannan ba, ya kashe yaro bai nuna mana komai ba, don haka mutuwa take zuwa, Sedick ma shayi yake sha, na juya na juyo babu shi. Thandeka ta daɗe tana kallona kafin ta ce lallai wannan fahimta ce mai zurfi. Mista Fortuin bai tsokane ni ba ranar, ni kuma na ɗauka girmamawa ce.

Don daɗin da fim ɗin ya yi min na koma ranar Laraba. Anti, an nuna mutuwar. An nuna ta dalla-dalla. Yaron ya bi karensa kan kogin da ya daskare, ƙanƙara ta fashe, mutanen gari suka zo da igiyoyi, uwar tana birgima a bakin ruwa, an daɗe ana yi, ya isa mutum ya dafa shinkafa. Ko ƙyallinsa ban gani ba ranar Lahadi. Kada ki ce barci na yi. Na san barci, wuya kan faɗi, ka farka da nauyin ido. Wannan babu komai, kwano a hannunta, sai baƙaƙen kaya, kamar an haɗa bakin yadi biyu an ɗinke. Abin da ya fi muni, a ranar Larabar ma na rasa wani wuri. Na san akwai inda take sayar da amyarta, don na gan shi ranar Lahadi. Na zauna ina jiransa har aka kunna fitila, bai zo ba.

Mista Fortuin ma ya zo ranar, na tare shi a bakin ƙofa na ce ya gaya min tsakaninsa da Allah. Ya yi ta murza hularsa. Wai ba yau ya fara gani ba, tun damunar bara ne. Wai idona a buɗe yake kan allo, yatsuna suna tsinkar bakin gyalena, bakina na motsi kamar mai tauna. Wai ya taɓa miƙa min alewa na dube shi kamar bango. Shi ya ɗauka zikiri nake, ko fim ne ya tafi da ni, kuma ai na san ƙa'idar gidan. Dattijon nan har idonsa ya kawo ruwa.

Tun ranar nake bin baya ina tunani, kuma duk abin da na tuno sai ya zama abin tuhuma. Giɓin nan da na yi ta yabo, nawa ne na fim, nawa ne nawa? Tukunyar da ta ƙone ina tsaye a gabanta, na ɗora wa murhu laifi. Sallar da na tsinci kaina a zaune ban san raka'a ta nawa ba ce. Sai kuma Alhamis ɗin makon jiya. Ina kan titin dutse da Ilhaam a baya, ban ankara ba sai na ga mun wuce kwanar makaranta da nisa, wata babbar mota na danna min oda. Yarinyar ta kwance bel ɗinta, ta miƙe tsaye tana bubbuga kafaɗata tana dariya, wai Kaka ta sake yin wasan gunki. Wai ta sake, Anti. Ban iya tambayarta sau nawa ba.

Za ki ce in gaya wa Nazli. Mahaifiyata ruɗewa ta yi kafin ta rasu, ni na yi jinyarta. Ni na ɓoye mata makulli, ni na kulle mata kicin, a ƙarshe da sunan yayarta take kirana. Na san abin da 'ya mai ƙauna take yi, don na yi shi da hannuna. Nazli za ta karɓe motar, ta kwashe ni zuwa ɗakin bayanta can wajen gari, in yi sallama da gidana da Lahadina. Kuma in ba ni, wa zai kai yarinyar? Aikinta ne zai tafi.

Har yanzu ina tuƙin. Ina bin layin gefe a hankali, gilashi a sauke, ina karatu da ƙarfi don kada in tafi. Tsoro nake ji, Anti, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka fita da gawar Sedick. Hutun makaranta ya kusa. In na lallaɓa zuwa lokacin, in je asibiti a ɓoye, na yi laifi?

Mai Kujerar Gefe,
Cape Town

*

'Yar'uwa,

Na tsallake wasiƙun da suka riga taki zuwa, masu su su yafe min. Da kin sa lambar waya, da ban jira fitowar jarida ba.

Amsar tambayarki ita ce a'a, ba za ki jira hutu ba. Daga lokacin da kika karanta wannan, motar ta tsaya, ko kantin bakin layi kada ki kai ta. Karatu da ƙarfi da sauke gilashi maganin gyangyaɗi ne, ke kuwa da kanki kin ce ba gyangyaɗi kike ba. Abin ya same ki ido biyu kina kallon abin da kike so, ya same ki a kan sallaya. Ba ya neman izininki.

Ni ba likita ba ce, amma na karanta wa wata likita da na yarda da ita wasiƙarki. Ba za ta yanke hukunci daga nesa ba, sai dai ta ce abin da kika kwatanta bai cika kama da ciwon mahaifiyarki ba. Akwai nau'in farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum, tana iya farawa da girma, kuma sau da yawa ƙwayar magani na riƙe ta. Zai iya zama zuciya, ko suga, ko wata 'yar jijiya a kai, wasunsu kuma ba sa son jinkiri. Ki je asibiti cikin makon nan. Ki roƙi Mista Fortuin ya raka ki, domin likita zai so jin bakin wanda ya gani, ke ba kya nan lokacin da abin ke faruwa. Kafin nan kada ki kulle ƙofar banɗaki, girki kuma ki bari sai da mutum a kusa.

Tsoronki game da Nazli ba shirme ba ne. 'Ya'ya in sun firgita sukan kwashe komai lokaci guda, su kira shi kulawa. Shi ya sa nake so ki riga ta, ki je mata da shirinki a hannu: mota ta huta sai abin da likita ya ce, gidanki kina ciki, Lahadinki tana nan, tunda da ƙafa kike zuwa. Makaranta kuma a nemi motar da ke kwasar yaran unguwa, ko ki shiga tasi tare da Ilhaam. Kakarta take so a gefenta, ba ruwanta da wanda ke riƙe da sitiyari. Amma ki ba Nazli nata haƙƙin. Za ta yi fushi in ta ji labarin Alhamis da safiyoyin da suka biyo baya, ki bar ta ta yi, 'yarta ce. Kuma ki hanzarta. Kin sauya sunaye, amma masu yankan yadi nawa ake kira Furofesa a gidan sinima mai ɗaki ɗaya? Kada maƙwabciya ta riga ki kai mata.

Ki zaunar da Ilhaam ki gaya mata, da kalmomin da za ta gane, cewa ba wasa ba ne, Kaka ce ba ta da lafiya, kuma in ta sake gani ta kira babba.

Gidan sinima kuwa, kada kunya ta hana ki komawa. Abin da kika faɗa kan mutuwa gaskiya ne, ko da fim ɗin bai faɗe shi ba. Kada kuma ki riƙe mutanen a rai, ladabi ne ya yi musu yawa. Ki dai gaya wa Thandeka da Mista Fortuin cewa a kanki an ɗage ƙa'ida, duk wanda ya ga yatsunki a bakin gyale ya kama hannunki, ya duba agogo don a gaya wa likita tsawon lokacin. Wurin nan ya yi miki rana, don shi ne ya ba ki damar komawa ranar Laraba ki ga abin da ya wuce ki. Titin dutse ba ya maimaita nuni ranar Laraba.

Yau ɗin nan ki ɗora makullin a tafin hannun Nazli. Allah ya ba ki lafiya, ya sa abin ya zo da sauƙi, ya raya Ilhaam ta girma ta zauna a kujerar da ke gefenki.

Taki,
Anti Rugaya