Gidan Abincin Da Ake Ɗauke Faranti Da An Ajiye Cokali

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Duba Gidajen Abinci,
Ofishin Hukumar Gari.

Daga:
Mai shagon ɗinki ta bayan tashar mota.

21 ga Oktoba, 2024.

Game da: Ƙorafi kan gidan abinci mai koren labule da ke daura da gidan waya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da abin da ya same mu ranar Asabar, 12 ga Oktoba, da rana, ni da ƙanena da mahaifinmu.

Mahaifinmu tsohon direba ne. Tun rasuwar mahaifiyarmu a farkon shekara ya daina fita, abinci sai dai ya taɓa ya ture, magana kuwa ba ta wuce to da a'a. Da ƙyar na shawo kansa ya biyo mu. Burina bai wuce in ga ya cinye faranti guda a gabana ba. Ga abin da muka tarar:

1. Mun yi odar shinkafa da kaza. Muka yi ta zaman jira har ƙanena ya haddace takardar abincin, gabanta da bayanta. Ma'aikata kuwa sai giftawa suke yi, ko kallo ba mu ishe su ba.

2. Da abincin ya iso, shinkafar ba ta nuna ba, tana ƙaras-ƙaras a baki. Miyar kuwa gishiri ne aka ɗan yi wa kala. Ita kuwa kaza, ba na son cin mutuncinta, amma ina kyautata zaton ta girme ni.

3. Wannan shi ne babban ƙorafina. Ashe dokar gidan ita ce duk wanda ya ajiye cokali ya gama, a ɗauke farantinsa nan take domin teburi ya samu na gaba. Shi kuwa Baba tun muna yara haka yake ci: ya kai loma, ya ajiye cokali, ya tauna a natse, sannan ya sake ɗauka. Loma ɗaya ya yi, sai ga ma'aikaci ya yi wuf da farantin. Na bi shi na karɓo. Baba ya ƙara loma, wani ma ya zo ya sure, na sake karɓowa. Ranka ya daɗe, a nan idona ya cika da ƙwalla, domin lomomin nan biyu sun fi mini komai a gidan.

4. Da aka sake miƙo hannu, sai Baba ya danne farantin ya miƙe tsaye. Mutumin da muka manta yadda muryarsa take, shi ne ya nemi a kira masa manaja. Ya shaida masa cewa a duk garuruwan da ya kai kaya bai taɓa ganin inda ake tsere da baƙo a kan abincinsa ba. Ya bi ta kan shinkafa, ya sauka kan miya, ya gama da kaza, har mutanen sauran tebura suka riƙa ba shi gaskiya suna riƙe da farantansu. Manajan bai ba da haƙuri ba. Cewa ya yi in an riƙe cokali a hannu ba a samun matsala.

Wajibi ne in faɗi gaskiya ko da za ta rage wa ƙorafina ƙarfi. Muna isa gida Baba ya ce yunwa yake ji, ya sa na ɗora tukunya, ya ci har da ƙari yana ta sababi. Tun ranar kullum da yamma yana ƙofar gida, duk maƙwabcin da ya wuce sai ya tsaya ya ji labarin kazar. Na ji daɗi ƙwarai, amma masu gidan abincin ba da niyyar alheri suka yi ba, don haka ba zan gode musu ba.

Saboda haka ina roƙon ofishinka mai daraja ya tura jami'ai su duba kicin ɗin gidan, a kuma umarce su su riƙa tambayar mutum kafin su taɓa farantinsa.

Akwai kuma roƙo na musamman, in doka ta yarda. Baba ya ce a sanar da shi ranar da jami'an za su je, domin da shi za a tafi, akwai sauran maganar da bai gama ba. Har ya sa na goge masa babbar rigarsa ta fita.

Allah ya ƙara girma, ya yi riƙo da hannunka.

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Mai shagon ɗinki ta bayan tashar mota.