Kifin da Yaya Wada ya gani

Litinin, 6 Mayu 1974
Alhaji Maina ya dawo garinmu Dogo-Dogo da wasiƙar Yaya Wada daga Bur Sudan, can bakin teku. Shekara bakwai da tafiyar Yaya hajji a ƙasa! Na karanta a bayan lakwal, makarantar da nake koyarwa. Ya yi aure, yana aiki da masunta, ba zai dawo ba. Layi biyu ke nan. Sauran shafi uku duk labarin kifi. Kifi, fisabilillahi!

Talata, 7 Mayu
Inna ta ce in karanta mata. Na tsallake layi biyun nan, na faɗa kan kifi. Wai ɗan ƙarami ne kamar tafin hannu, ruwan goro, da zane fari biyu. Yana zaune inda ruwa bai da zurfi, cikin duwatsun murjani. Inna ta shafa murjanin wuyanta: "Ashe a ruwa yake tsira?" Sai kuma: "Yaushe zai zo?" Na ce bai faɗi rana ba. Allah Ka yafe mini.

Alhamis, 9 Mayu
Hadari ta wajen Dungas. Tun fārin bara babu mai iri a unguwarmu sai Inna, damin gero guda, ta ce na gonar Wada ne, shi zai zuba da hannunsa kamar yadda marigayi Baba ya so. Kawu Baƙo ya roƙe ta, ta hana. In ruwa ya sauka ba a shuka ba, me za mu ci?

Juma'a, 10 Mayu
Ban iya cin tuwo ba.

Talata, 14 Mayu
Kullum bayan la'asar sai ta ce, "Ɗauko kifin nan." Yau na karanta inda ya ce ma'aikatan jirgi sun gaya masa a tekunan gabas akwai mai zane uku, da mai ɗaya, da wani baƙi-baƙi. Dukansu cikin wani abu mai kama da gemun masara suke kwana, wanda ke harbin duk kifin da ya taɓa shi, ban da su. Sai sun goga jikinsu a hankali har ya saba da su. Daga nan ba sa nisa da shi.
Inna ta ce in maimaita. Na maimaita. Ni da nake tsawata wa yara kan ƙarya!

Lahadi, 19 Mayu
An yi ruwa, ƙasa ta jiƙu sosai. Na shiga da niyyar faɗin gaskiya, na tarar ta sauko da damin, tana sussuka.
"Mushe," sunan da 'yan lakwal ke kiran malami, haka take ce mini in za ta yi mini ba'a, "takarda huɗu Maina ya ba ka, kullum daga ta biyu kake farawa. Wanda zai dawo ba ya tsayawa ƙirga zanen kifi."
Ta ci gaba da sussuka, ta ce:
"Ɗauki sungumin yayanka. Kai za ka zuba."

Lahadi, 2 Yuni
Gero ya tsiro. Na karanta mata takarda ta farko, ta tambayi sunan matar kawai. Hinda. Ta cire murjaninta ta ƙulle a tsumma, wai a kai wa Hinda in an sami mai tafiya.
Ɗazu Kawu ya tambaye ni inda na fito, na ce gonata. Bai gyara mini ba.