Guɗar da Ta Maƙale

Daren Alhamis, Gadarif

Yau aka yi gasar maimaita tsofaffin waƙoƙi a nadi, wato kulob ɗin unguwa. Ƙungiyar Bashir, ɗan maƙwabtanmu, ta yi kunnen doki da samarin Khartum, sai alƙalai suka ce guɗar mata za ta raba gardama. Ina adalci a nan? Su sun ciko keke-napep da gwaggonni, mu kuwa matanmu suna can gonakin Simsim suna yankan riɗi. Ni kaɗai ce.

Bashir ya dube ni. "Yalla, Hauwa'u, ko sau ɗaya!"

A littattafan soyayya yarinya miƙewa take ta girgiza wuri. Ni mayafina na ciza.

Da zai fita ya ce, "Malesh, ba komai, ƙanwata." Ƙanwata! Gara ma ya zage ni.