Waƙa ta Huɗu a Bakin Tanderu

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zaman kaɗaici? Mu duk lafiya lau, in ban da abin da ya sa na ɗauki biro.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direban motar fulawa. Ka san kunnen Baba. Ko a banɗaki na ɗaga waya sai ya ce ya ji an ambace shi, maganar kuwa tasa ce.

Kaset ɗinsa ya mutu. Wancan dai mai waƙoƙi biyar, na mawaƙin nan mai murya kamar ta mai mura, wanda yake kunnawa duk sa'ad da zai sa gwangwanaye a tanderu tun kafin a haife ka. Ranar Litinin rakoda ta cinye zaren. Na zaro shi da tsinke, na naɗe da biro, na liƙa da salatif yadda muka saba, amma wannan karon ya tsinke gida huɗu. Mai gyaran rediyo ya jujjuya shi ya ce in yi masa addu'a kawai.

Tun daga ranar sau biyu burodi yana ƙonewa. Baba fa! Mutumin da shekara talatin ba a taɓa dawo masa da ko guda ba. Shugabar makarantar da muke kai wa kowace safiya ta kira ni, ta ce yara sun bar mata baƙin ɓawo a kan tebura, in aka sake za ta nemi wani gidan. Ni ce ke riƙe da gidan burodin nan yanzu, mutum shida ke ci a ƙarƙashinsa. In ƙonawar ta ci gaba, dole in ɗaga Baba daga bakin tanderu in sa wani. Kai kuma ka san ranar da aka zaunar da shi a gida, ranar aka gama da shi.

Na ce masa, "Baba, waƙa ce ke gasa burodi ko wuta?" Ya ce, "Ke dai nemo mini abina." Ya juya mini baya.

Kai ne ɗan boko mai latse-latse. Ka nemo waƙoƙin nan duk inda suke, a jere yadda suke, kafin in haukace.

Ka huta lafiya, Allah ya tsare.

Yayarka

*

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso da garin fulawa a jikinta, har ta sa ni atishawa a gaban shugabana. Ina fatan kina lafiya, da Baba, da mutanen gidan burodi baki ɗaya.

Albishirinki. Na samo su duka biyar a wani shagon waƙoƙi na intanet, na saye su halak malak. An wanke sautin tas. Babu shuuu ɗin nan, babu inda murya ke rawa, babu ma wurin nan a waƙa ta huɗu da na danna jan maɓallin naɗar murya ina ɗan shekara huɗu na ce "Ni ne!", wanda kuka shekara ashirin kuna yi mini dariya a kansa. Alhamdulillahi, an binne wannan abin kunya.

Ga yadda za ki yi. Ki sauke manhajar shagon a wayarki, ki shiga da sunana da lambar sirrin da na rubuta a bayan takardar nan, ki haɗa da lasifika. Shi ke nan, ko yaro zai iya.

Roƙo ɗaya gare ni. Kada ki yi gaggawar ɗaga Baba daga wurinsa, ki ƙara masa haƙuri. Ina da dalili.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki mai biyayya,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da ta ƙari.

Wai ko yaro zai iya. To ni ban iya ba, kuma sati uku ke nan ina fama.

Na kai wayar wurin mai zuba waƙoƙi a kati na bakin kasuwa, don a juye su in soka katin a lasifika in huta. Ya latsa, ya latsa, ya ce a kulle suke, ba sa fita daga manhajar. Na ce ai saya muka yi. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Wato dole wayata ta zauna cikin zafin ɗakin tanderu, ni kuma da ita nake karɓar oda. Ranar Laraba ana tsakiyar waƙa ta biyu mai shagon kan kwana ya kira, kiɗa ya tsaya, da na kashe ya koma farko. Baba ya yi tsaye da sandar fitar da gwangwanaye a hannu kamar wanda ya ɓata hanya.

Na ce to a sa a tsohuwar wayar maigidana a bar ta can. Manhajar ta ce an cika na'ura uku da aka yarje mana. Da na aiko maka saƙo ka cire kwamfutarka ta karɓa, na gode. Sai ga wata sabuwa: bangon ɗakin tanderu ya yi kauri, sabis ba ya shiga. Kwana bakwai tana yi, ran na takwas ta ce sai ta tabbatar mu ne. Na fita tsakiyar titi da kwaɓi a hannu ina ɗaga waya sama kamar mai tare mota. Ranar Asabar kuma ta yanke, wai wani yana saurare a wani wuri. Kai ne ko? Allah ya sa ka ji daɗin waƙar, mu tire guda muka zubar.

Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Shekara talatin kaset ɗin nan bai taɓa tambayar Baba ko shi wane ne ba.

Ba nan ma gizo ke saƙar ba. Ranar da komai ya tafi daidai, burodi ya fito da ɗanyen ciki. Baba ya ce mawaƙinka sauri yake kamar an biyo shi. Mai gyaran rediyo ya ce gaskiyarsa, zaren kaset yana saki in ya tsufa, rakodar ma ta gaji, tare suka rage gudu da Baba ba wanda ya lura. Manhajarka kuwa ba ta yarda a taɓa gudun waƙa ba.

Abin ya ishe ni. Na sayo agogon bango, ƙato, na kafa shi daidai saitin fuskarsa. Na ce minti ashirin da biyar ne, ba sai an yi kiɗa ba. Ya ce to. Jiya tire biyu sun ƙone ƙurmus, agogo na kallonsa yana kallon agogo. Wannan taurin kai ne, so yake ya nuna mini ban isa ba, kuma ya ci mini rai. Na ba shi zuwa ƙarshen wata. In kana da dalilin nan naka ka fito da shi, ka daina yi mini hannunka mai sanda.

Sai na ji daga gare ka.

Yayarka

*

Yaya,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ina gaishe ki da ɗawainiya, kuma ki yafe mini ta ranar Asabar. Ni ne, kewar gida ce ta kama ni na kunna.

Na rubuta wa kamfanin sau uku. Amsa ɗaya suka turo sau uku, ko wasali bai canja ba. Wai ba waƙa na saya ba, izinin saurare na saya, ni kaɗai, ba don wurin sana'a ba. Wato ko ranar da ta yi muku daidai, laifi kuke yi. Na koma na karanta sharuɗɗan da na danna na yarda da su ban duba ba, shafi goma sha tara. Halak malak ɗin da na faɗa miki na janye. Haya muke, kuma mai gidan yana iya zuwa ranar da ya ga dama. Ban taɓa jin na zama wawa irin na wannan satin ba.

Yanzu dalilin. Ki zauna kafin ki karanta.

Baba ba ya ganin agogon nan. Bara da na zo hutu, ranar da muka ce miki mun tafi duba itace, asibitin ido na raka shi. Likita ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali, abin da ya tafi ba ya dawowa. Haske da duhu yake gani, da inuwar mutum. Sauran duk hannu ne da hanci da kunne. Da kiɗan farko yake rufe ƙofar tanderu, a ƙarshen waƙa ta biyu ya juya gwangwanaye, a ta huɗu ya fitar. Na ce masa in sayo agogo mai ƙararrawa, ya ce ƙararrawa ƙarshe kawai take faɗa, shi kuwa so yake kowane lokaci ya san inda yake, don ya ƙara wuta ko ya rage.

Ya sa na rantse ba zan gaya miki ba. Ya ce ranar da kika sani za ki zaunar da shi don tausayi, shi kuma gara a kore shi don laifi.

Na karya alkawarinsa, na ɗauki alhakin. Ki yi mini duk faɗan da ya dace, amma kada ki ce masa taurin kai.

Allah ya ba mu mafita.

Ƙaninki

*

Auta,

Salamu alaikum.

Shekara guda. Shekara guda kana can kana shan iskar ofis da wannan magana a cikinka, ni ina nan ina yi wa makaho faɗa a kan agogo. Ban yafe ba tukuna, kada ka tambaya.

Ban zauna ba, a tsaye na karanta. Ban yarda ba kuma, sai na shimfiɗa takardarka a buɗe a kan teburin kwaɓi, a gabansa. Ya shafa ta da yatsu ya ce, "Rasit ɗin fulawa ne? Adana shi kada ya jiƙe." Na shiga sito tsakanin buhuna na yi kuka har na gode Allah. Da na fito na hau kujera na sauke agogon.

Ga ƙarashen labarin hayarka. Yau da safe na buɗe manhaja, waƙoƙin biyar duk sun koma ruwan toka, ba sa dannuwa. Wai yanzu babu su a yankinmu. A ƙasa kuma sun jero mini wasu, wai ƙila in so su tunda ina son waɗancan. Har da ta motsa jiki. Da wayar tawa ce ba ta maigidana ba, da yanzu tana cikin tanderu.

Jibi ne ƙarshen wata. Da bakina na faɗa a gaban ma'aikata, shugabar makaranta kuma ba ta san wani abu wai shi izinin saurare ba. In na bar shi ba waƙa, gidan zai tafi. In na ɗaga shi, na yi abin da ya fi tsoro. Ban nuna masa na sani ba. Ban san abin da zan yi ba, Auta, kuma rabon da in faɗi haka tun rasuwar Mama.

Ka sa mu a addu'a.

Yayarka

*

Auta,

Salamu alaikum, da fatan ka tashi lafiya.

Na ce masa waya ta lalace, bari in rera masa. Ashe duk suna kaina, tun ina goye nake jin su. Ya ce, "Kin yi sauri, ja shi." Na ja, masu kwaɓi suka riƙa amshi. A ƙarshen ta biyu ya juya gwangwanaye. A ta huɗu na wuce baiti na biyu, bai motsa ba. Na shiga na uku ina jin ƙamshi yana neman juyawa. Ya ce, "Ba a faɗa ba." Sai na gane. Na ƙanƙance murya, ni da 'ya'yana uku, na ce, "Ni ne!" Ya buɗe ƙofar tanderu. Kwana huɗu ke nan ko guda bai ƙone ba.

Jiya yana jera gwangwanaye, bai juyo ba ya ce, "Auta ya faɗa miki ko? Na ji agogo ya daina ƙas-ƙas." Na ce eh. Ya ce, "To." Ya miƙo mini tire.

Sau shida a rana nake rerawa, muryata ta fara dushewa. Ka ɗauki hutu ka taho da wayarka mu naɗi tamu, wadda ba mai kulle mana. Baba ya ce ba na faɗin "Ni ne" ɗin daidai, a kira mai ita.

Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka