Inda Man Yake Tafiya

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Gaisuwar ke nan, ba zan ja ta ba, don raina a ɓace yake.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Da gangan na rufe lambarka a wayata. Kai a waya ba ka barin mutum ya kai aya, sai "Yaya ka saurara, Yaya ka yi haƙuri," har in manta abin da na kira in faɗa. Takarda ba ta katse mutum. Direban da ke kai mana ƙofofi unguwarku zai miƙa maka, shi kuma zai karɓo amsa.

Maganar motar da ka sayar mini ce. Ranar da ka kawo ta, a gaban ma'aikatana ka dafa ƙirji ka ce, "Yaya, wannan shaƙar mai take yi, ba sha ba." To ka zo ka ga shaƙa. In na cika tanki, kafin in juya allura ta kwanta. Masu zuba mai sun haddace ni, da sun hango ni sai su fara washe baki, jiya har wani ya ce mini, "Ranka ya daɗe, ko a gida ake girki da shi?" Ni ake wa wannan magana! Kuma ina nake zuwa? Daga gida zuwa wurin walda, daga wurin walda zuwa gida. Tsohuwar akwalata da kuka dame ni in rabu da ita ba ta taɓa yi mini haka ba.

Ka san ni ba wanda ya ɗaga ni. Daga tsakiyar sakandare na ajiye biro na ɗauki ƙarfe, idona ya sha wuta, hannuna ya sha ƙuna, har na kafa wurin da yau rabin garin nan da ƙofata suke kwana. A cikin wannan wutar na ɗauki nauyin karatunka. Sakayyar ita ce da ka zama dillalin motoci ka rasa wanda za ka sauke wa ruɓaɓɓiya sai ni?

Ka faɗa mini abin da ka ɓoye a cikin injin nan. In ba haka ba ka san halina. Ɗan cikina, da ya watsa mini ƙasa a ido ya bar sana'ar da na gina masa ya tafi taka keken ɗinki, na rantse ƙafata ba za ta shiga shagonsa ba, kuma har yau ba ta shiga ba. Wanda ya iya cire ɗa, cire ƙane ba zai gagare shi ba.

Ka gaida matarka, ita ba ruwanta.

Yayanka,
Mai Walda

*

Zuwa ga Yayana abin girmamawa,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na karanta ta a tsaye, don na ji kamar kana gabana ba ka ba ni izinin zama ba. Allah ya huci zuciyarka. Muna gaida Maman yara da kowa da kowa.

Yaya, ban ɓoye komai ba. Na hau motar nan da kaina kafin in kawo maka, da ta nuna wani hali da ban kai ta ƙofarka ba. Amma mota takan canza da hannun da ya riƙe ta, don haka ga abin da za a duba.

A fara da taya. In iska ta yi ƙasa, motar jan ƙafa take yi kamar mai tafiya cikin yashi, kuma da mai take biyan wannan wahalar. Ka biya wurin mai faci ya gwada da ma'auni, ba da bugun ƙafa irin naka ba. Sai but, wurin zuba kaya a bayan mota. Rabona da shi na ga guntayen rodi, da ƙaramin injin walda, da guduma wadda mutum ɗaya ba ya ɗagawa. Yaya, motar shiga ce, ba a-kori-kura ba. Sannan makanike ya duba fulogi, da abin tace iska, da baƙin mai ko ya daɗe, ya kuma ɗaga ta ya juya tayoyin ko birki yana riƙewa.

Na ƙarshe, ka yafe mini, ƙafarka ce. Kana taka totur kamar da shi kuka yi faɗa, ka ƙure wa na gabanka, sannan ka danne birki har mu na baya mu gaisa da kujerar gaba. Kowane irin wannan tashi da tsayawa mai ne.

Na haɗu da ɗanmu tela a wurin wani zaman makoki. Ya rame kaɗan, amma aiki yana tafiya. Ya ce in gaishe ka.

Don Allah ka buɗe lambata.

Ƙanenka mai biyayya,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Lafiya lau muke, ba don kai ba.

Na bi lissafinka ɗaya bayan ɗaya, ba don na yarda ba, sai don kada gobe ka samu bakin magana. Mai faci ya gwada, ya ce taya ɗaya ce ta ɗan yi ƙasa, ya cika. Na kwashe but tas, har gudumar da na fara sana'a da ita, wadda ban taɓa tafiya babu ita ba. Makanike ya canza fulogi, ya canza abin tace iska ko da yake ya ce na cikin bai mutu ba, ya juye baƙin mai, ya ɗaga ta sama ya juya tayoyi suna gudu kamar fanka. Ya ce, "Maigida, motar nan lafiyarta ta fi tawa." Na ce to kai ma sai a duba ka.

Ƙafata kuma da ka zaga, yanzu tuƙi nake kamar mai ɗauke da ƙwai. Masu keke suna wuce ni. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta tambaye ni ko motar ta lalace ne a taimaka a tura. Duk wannan wulaƙanci na shanye saboda kai.

Sakamako? Ta rage kaɗan, kaɗan ɗin da ba zai cika kofin shayi ba. Allura tana nan tana faɗuwa kamar da.

Kuma kada ka ƙara aiko mini da gaisuwar tela. Wa ya tambaye ka? Ramar da ka gani, wanda ya wuni a sunkuye ba ya tashi cin abinci sai rana ta karkata, dole ya rame. Mutumin da ubansa ke ƙera ƙofofin masu kuɗi, ya je ya ba wani ɗan koyo ya liƙa masa ƙyaure a shago, walda ɗigo-ɗigo kamar kashin kaji, gefe guda ya sauka yana jan ƙasa. Kullum sai ya sa kafaɗa ya ɗaga kafin ya buɗu sosai, masu kawo ɗinki suna raɓawa ta gefe kamar ɓarayi. Fenti kuma kore! Ɓarawon kirki da ƙafa zai ɓalle shi. Wannan kaɗai ya isa zagi a gare ni.

Ga motarka nan direba ya kawo, makulli yana cikin ambulan. Ka hau ta da kanka. In ka gano cutar ka gyara, mu ci gaba da zama 'yan'uwa. In ka dawo mini da wani sabon lissafi na taya da fulogi, ka riƙe motar, ka riƙe gaisuwarka, ko a hanya muka haɗu ka ɗauka wani mai kama da ni ka gani.

Mai Walda

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wa, ko ka amsa ko ba ka amsa ba.

Na hau motar kwana da kwanaki. Na shiga cunkoso da ita, na fita bayan gari, na kunna esi mai sanyaya mota. Yaya, shaƙa take yi. Har na fara tunanin ko wani ke zuƙe maka tanki a wurin aiki, na kusa rubuto maka haka, da na jawo wa bayin Allah kora a banza.

Sai na sake karanta takardarka, na tsaya a kan ƙyauren nan. Na ce ikon Allah, mutumin da daga gida sai wurin walda, ina ya san launin fenti? Ina ya san lokacin da tela ke cin abinci? Shagon ba a kan hanyarka yake ba, ko kusa.

Na ɗauki yadi na tafi a motarka. Na tsaya daidai bakin shagon, gilashin nan naka mai duhu a rufe. Ban gama kashe inji ba sai na ga yaron ya taso a guje, tef ɗin awo a wuya, ya ture kujera, ya buge kafaɗa da wannan ƙyauren da kake zagi. Babu takalmi a ƙafarsa. Ya zo ya durƙusa a jikin ƙofar mota, a kan titi, mutane suna kallo. Na buɗe na fito. Yaya, ban taɓa jin kunyar zama ni ba sai ranar. Ya ɗago ya ce, "Au, Baba Ƙarami, kai ne." Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Da muka zauna ya nuna mini bishiyar da ke tsallaken titi. Ya ce, "Can yake tsayawa. Kullum bayan azahar. Ba ya kashe mota, ba ya sauke gilashi, sai rana ta yi sanyi ya ja ya tafi. Da ba ta zo ba kwanakin nan na ɗauka ko ba shi da lafiya. Yau da na ga ta tsallako, na ce shi ke nan, ya huce." Na je gindin bishiyar. Inda ruwan esi ke ɗiga har ciyawa ta tsiro. Matar da ke sayar da lemo a wurin ta ce in roƙi mai motar ya riƙa juya salansa wani gefen, hayaƙi ya ishe ta.

Na tambaye shi me ya hana shi tsallakawa. Ya ce ranar da ya bar gida ka ce kada ya kuskura ya tunkare ka sai ka kira shi. Taurin kan ba daga waje ya samo shi ba.

To ga cutar, Yaya, tunda ka ce in gano. Inji in yana aiki mai yake ci, ko mota tana tafiya ko tana tsaye, balle ga esi a kunne cikin zafin rana. Kai kana lissafin tafiya ne kawai, ita kuwa har zaman tana lissafawa. Maganin ba ya wurin makanike. Ka murɗa makulli, ka buɗe ƙofa, ka fito.

In wannan ne zai sa ka cire ni, na ji, amma ba zan ƙirƙiro wa fulogi laifi ba.

Ƙanenka har gobe,
Auta

*

Auta,

Ban ce ka binciki mota ba? Wa ya ce ka bincike ni? Bishiyar ta ubanka ce, ko titin? Mutum ba shi da ikon ya tsaya a inuwa ya huta sai an kai rahotonsa? Har da mai lemo a cikin shaidu!

Kuma kai wane irin mutum ne da za ka bar yaro ya durƙusa a kan kwalta da tsakar rana ba takalmi, kana zaune a ciki kana kashe inji a tsanake? Ba ka da hon? Ba ka iya sauke gilashi tun daga nesa ya ga fuskarka ba? A gaban maƙwabtansa! Kafaɗar da ya buge, ka duba ta, ko yadinka kawai ka miƙa ka fito? Ƙarfen ƙyauren nan tsatsa gare shi, daga tsallaken titi ma ana gani.

Maman yara ta ga takardarka a aljihuna, tun jiya take bi na da kallo. Ka ga abin da ka jawo.

Ka ba direba motata yau ɗin nan. Yau, ba gobe ba.

Mai Walda

*

Ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya.

Motar ta daidaita. Ina ganin fulogin da aka canza ne sai yanzu suka zauna.

Na cire ƙyauren nan. Ba gaisuwa ta kai ni ba, aiki ne, don ba zan bari a riƙa nuna wannan abin kunya ana cewa shagon ɗan Mai Walda ba ne. Na sa masa irin wanda nake yi wa manya, da yatsa ɗaya yake buɗuwa. Rantsuwata tana nan daram: a bakin ƙofa na tsaya na yi aikina, ƙafata ba ta shiga ba. Shi ya fito da benci waje. Kafin in ankara ya zagaya mini tef a ƙirji, wai rigata ta yi mini yawa. Na ce ya yi sauri, ina da abin yi. Bai yi saurin ba.

Fentin bai bushe ba, gobe zan koma in duba. Baƙi na so, ya nace sai kore. Na bar shi, shagonsa ne.

Na buɗe lambarka. Kada ka kira ni bayan azahar.

Yayanka,
Mai Walda